Ba a Sayar da Shi a Ƙasarku

Hoton bangon littafin ya fito tsaf a kan allon kwamfutar hannun: shuɗi mai duhu, da farin zare guda ɗaya da ya ratsa shi daga sama zuwa ƙasa, ga sunan Baba da manyan baƙaƙe. Akawu ta kai yatsa inda ake dannawa a saya. Babu abin dannawa. Wani siririn layi ne a wurin, da rubutu mai ruwan toka: Ba a sayar da wannan littafi a ƙasarku.

Ta karanta sau biyu. Ta rufe shafin ta sake buɗewa. Layin yana nan inda ta bar shi.

“Ya buɗe, Uwata?” in ji Baba daga kujerarsa ta bakin taga.

Tun da safe ya yi wanka ya sa farar rigarsa, ya goge tabarau sau uku. Gwaggo, ƙanwarsa da ta dawo gidan da zama bayan rasuwar mahaifiyar Akawu, tana zaune a ƙofar ɗaki tana ninke wanki.

“Wai mutum ya yi wanka ya shafa turare don zai karanta littafi,” in ji ta. “Yaya, ko ranar aurenka ba ka yi wannan ƙamshin ba.”

“Ranar aurena ai na san abin da ke cikin littafin. Uwata, ina jin ki.”

“Baba, wai ba a sayarwa a nan.”

“A ina?”

“A ƙasar nan.”

Ya juyo da fuskarsa gaba ɗaya, kamar yadda yake yi tun da idon hagu ya mutu.

“Karanta mini yadda suka rubuta. Kada ki gyara musu.”

Ta karanta. Gwaggo ta saki zanin da ke hannunta.

“Littafin wa? Na Yaya? Wanda aka rubuta a kan teburin can da nake gogewa kullum? Ke duba da kyau, ko dai kin shiga kantin da ba shi ba.”

Baba ya cire tabarau ya riƙe a hannu, bakinsa a ɗan buɗe, kamar wanda aka tsayar a ƙofar gidansa aka ce ya nuna takardar shiga.

* * *

Shekara talatin da ɗaya Baba ya yi yana gyaran rubutu a gidan jarida. Da ya yi ritaya ya shafe shekara tara yana rubuta littafi guda, da Turanci, a kan ƙaninsu shi da Gwaggo, wanda ya yi aiki a masaƙa har ƙurar auduga ta cinye masa huhu yana ɗan shekara talatin da huɗu, da kuma abokan aikinsa da suka bi shi ɗaya bayan ɗaya. Wani kamfanin buga littattafai na ƙasar waje ya karɓa.

Lokacin da kamfanin ya aiko da shafukan ƙarshe don marubuci ya duba, Baba yana kwance a asibiti, an naɗe masa idanu. Kwana goma sha huɗu suka bayar, daga nan shafin intanet ɗin ya rufe. Akawu ce ta danna amincewa a madadinsa ranar ƙarshe, a tsaye a barandar asibiti. Editar kamfanin ta rubuta cewa sun ɗan rage babi na tara, babin mutuwar ƙanin. Abin da suka rage, Baba bai gani ba har yau.

Kwafi shida na takarda da aka ce an aiko masa sun yi wata biyar a hanya. A gidan waya, duk zuwan da Akawu ta yi, mutumin da ke bayan kanta yakan duba wani babban littafi ya girgiza kai. Ko da sun iso ma, likita ya riga ya faɗi gaskiya: idon dama da ya rage kamar mai leƙe ta bututu yake gani, bututun kuma yana ƙara tsukewa. Wata uku, ko huɗu in an yi sa'a. Rubutun takarda ya riga ya fi ƙarfinsa. Abin da zai iya karantawa kawai shi ne allo mai haske, inda za a girmama baƙaƙe su kai girman ɗan yatsa. Don haka ta sayo kwamfutar hannun.

Akawu ba sunanta ba ne. Tun da ta kama aikin rajista a kotu Gwaggo ta laƙaba mata, har ya bi ta unguwa. Aikinta ya koya mata cewa kowace ƙofa da aka rufe akwai takardar da ta rufe ta, don haka ta fara da rubuta wa kamfanin. Editar da ta san Baba ta bar aiki. Bayan kwana tara wata amsa ta zo daga wani sashe, babu sunan kowa a ƙasa. Suna taya marubucin murna. Suna baƙin cikin sanar da shi cewa kamfaninsu ba shi da haƙƙin sayarwa ko aikawa da littafin ta kowace siga zuwa yankin da yake zaune, domin haƙƙin wannan yanki yana hannun wani mawallafi dabam. Ya tuntuɓe shi.

Ta sake rubutawa: marubucin ne da kansa, yana makancewa, kwafi ɗaya yake so. Amsar da ta dawo ita ce ta farko, kalma da kalma.

Ɗan Gwaggo da ke aiki a waje ya saya ya turo wa Akawu a matsayin kyauta. Da ta danna, kantin ya ce ba a karɓar wannan kyauta a ƙasarta. Ya ɗauki hoton shafi goma sha ɗaya daga allon kwamfutarsa ya turo, duk sun yi dishi-dishi, hasken fitila ya cinye rabin layukan. Baba ya gwada minti biyar, idon ya cika da ruwa.

“Kawu, to in riƙa karanta maka ta waya duk ranar hutuna,” in ji ɗan Gwaggo.

“Allah ya yi maka albarka. Amma ba a jin waƙafi da kunne.”

Wata abokiyar aikin Akawu ta sa mata manhajar da ke sa na'ura ta yi kamar tana wata ƙasa. Nan take kantin ya sake fuska. Wurin dannawa ya bayyana, rawaya, da farashi a gefe. Akawu ta shigar da lambar katin bankinta. Katin ya faɗi ƙasar da aka yi shi. Allon ya yi fari, sannan ya sanar da ita cewa an dakatar da asusunta saboda saɓa wa ƙa'ida.

“Sun kama ki kenan,” in ji Gwaggo. “Akawun kotu guda, an kama ta tana haura katanga da kuɗinta a hannu.”

* * *

Ranar Asabar Akawu ta sauko da akwatin ƙarfen da Baba ke ajiye takardu. Yarjejeniyar tana ƙarƙashin takardun fansho, shafi goma sha bakwai. Ta bi ta layi-layi yadda take bin takardun ƙara. A shafi na huɗu ta tsaya.

Inda aka buga cewa marubuci ya ba kamfani haƙƙin littafin a duk duniya, an ja layi da jan biro, madaidaici kamar da rula. A gefe an rubuta da hannu, da ƙananan baƙaƙe masu tsabta: ban da ƙasar marubuci da maƙwabtanta. Kamfanin ya amince, ya sa hannu a kusa. A bayan yarjejeniyar an maƙala wata takarda mai shafi ɗaya, wadda ta ba wata maɗaba'a ta cikin gari haƙƙin wannan yanki, na takarda da na allo, har shekara bakwai.

Ta san rubutun. Da shi aka gyara mata kowace wasiƙa da ta taɓa rubutawa tun tana firamare.

Ta je ta durƙusa a gefen kujerarsa. “Baba, wa ya soke ‘duk duniya’?”



“Ni ne,” ya ce. “Wata uku muna ja-in-ja da su a kan layin nan. Na ce in suka riƙe ko'ina, littafin zai zo nan da tsadar da ɗan masaƙa ba zai iya saye ba. Na ce a bar mini gida. Abokina Mai Ɗab'i zai buga a takarda mai araha, a sayar a bakin titi kamar jarida.”

“Mai Ɗab'i da ya rasu bara?”

“Shi.”

Gwaggo ta tafa hannu. “Innalillahi! Wato kai ka kulle ƙofar da hannunka, ka miƙa wa mamaci makulli?”

“Da ransa na ba shi.”

“To ai ya tafi da shi.”

Baba ya lalubo takardar daga hannun Akawu, ya kai ta dab da idon dama, ya yi ta matsar da ita har ya sami jan layin. Ya daɗe yana kallonsa.

“Ranar da suka amince,” ya ce, “ban taɓa jin na yi gyara mai kyau kamar wannan ba.”

* * *

Maɗaba'ar tana bayan tashar mota, tsakanin mai walda da shagon taya. Injin yana ta bugawa, ƙamshin tawada ya cika wurin. A bango an jera samfurin katunan biki, kalandu da fastocin 'yan takara. Babu littafi ko ɗaya. Ɗan marigayin, wanda ma'aikata ke kira Manaja, ya karɓi Akawu a wani ƙaramin ofis mai fanka, da waya biyu a gabansa.

“Littafi? Hajiya, mun daina wannan wahalar tun Alhaji na da rai. Wa ke sayen littafi?”

Ta ajiye masa kwafin takardar. Ya karanta yana motsa leɓe, ya kai sa hannun mahaifinsa, ya ɗago.

“Wallahi ban san da wannan ba. Allah ya jiƙan Alhaji, shi da abokansa, komai a aljihu.”

“To ga abin da nake roƙo. Ko ku buga, ko ka rubuta layi biyu cewa kun saki haƙƙin. In ka sa hannu, kamfanin can zai buɗe mana. Na ma rubuto, ga shi.”

Ya karɓi takardar da ta rubuto, bai karanta ba. Ya jawo waya ya nemi sunan littafin. Ta ga fuskarsa tana sauyawa yayin da yake jan allon: sharhin jaridun waje, taurarin yabo da masu karatu suka ba shi, hoton bangon a tagar wani kanti.

“Ikon Allah. Wato Turawa na saye?”

“Suna saye.”

“Kuma nan yankin duk namu ne? Har maƙwabta?”

“Manaja, idon mahaifina saura wata biyu.”

“Allah ya ba shi lafiya, ai ubana ne, a cinyarsa na girma.” Ya buɗe aljihun tebur ya zura takardun duka biyu. “Amma kin san gado ne yanzu. Mu goma sha ɗaya ne. In na sa hannu ni kaɗai, gobe a kotunku za ki gan ni. Bari in zauna da 'yan'uwa, mu ji ta bakin lauya.”

“Yaushe?”

“Biyu suna waje, ɗaya ba ma magana. Amma in sha Allahu.”

“To ku buga mana. Ko kwafi ɗari.”

Ya yi dariya, ya nuna injin ta taga. “Zaɓe saura wata biyar, Hajiya. Injin nan ko numfashi ba ya yi.”

Ta koma sau uku a cikin wata guda. A zuwa na uku aka ce ya yi tafiya, alhali motarsa na ƙofa.

* * *

Tun ranar da aka dakatar da asusun, kwamfutar hannun ta ƙi barin kowa ya wuce shafin farko, sai tambayar kalmar sirri take yi. Ran nan da aka tashi hutun rana Akawu ta kai ta rumfar mai gyaran waya da ke tsallaken kotu. Mutum ne mai furfura a gemu, da gilashin ƙara girma rataye a wuya, teburinsa cike da wayoyin da aka farke.

Minti goma ya yi ya buɗe ta. Hoton bangon littafin, wanda ta ajiye a fuskar allon, ya bayyana.

“Au, ke ma wannan kike nema?” ya ce. “Ai ina da shi.”

Ta ɗauka ba ta ji daidai ba. “Kana da me?”

“Littafin masaƙa mana. Tun watan da ya fito.” Ya jawo wata tsohuwar kwamfuta, ya buɗe wata jaka a cikinta mai cike da finafinai da waƙoƙi, ya gangara. Ga shi nan tsakanin wani fim ɗin faɗa da littafin koyon tuƙi. “Ɗalibai ne suka fara tambaya. Yanzu har tsofaffin ma'aikatan masaƙa suna turo 'ya'yansu, a sa musu a waya a je a fassara musu. Jiya wata ta zo, ta ce sunan mijinta na ciki. A nan ta tsaya tana kuka, ta hana ni ciniki.”

Akawu ta dafa teburin. A makon da ya wuce da hannunta ta yi rajistar ƙarar wasu mutum uku da aka kama da irin wannan jaka.

“Daga ina ka samo?”

“Daga inda ake samu. Wani can ya saya, ya fasa makullin, ya sake shi. Allah ya saka masa.” Ya soka kebul a jikin kwamfutar hannun. “Ni abin da ya ba ni haushi marubucin ne. An ce yana can waje yana shan sanyi. Ya kwashe labarin matattunmu ya kai wa Turawa, sannan ya ce kada a sayar mana. Ki shiga kantin ki gani da idonki, wai ba a sayarwa a ƙasarku. Mu ne ba mu isa mu karanta ba.”

“Wa ya ce maka yana waje?”

“Kowa ya sani. In yana nan, ai da mun ga littafin a kasuwa.”

Ta buɗe baki. Ta ga farar rigar, da kujerar bakin taga, da jan layin da aka ja kamar da rula. Ba ta san ta inda za ta fara ba, kuma layin mutane ya taru a bayanta.

“In sa miki ko kada in sa?”

Wani siririn layi kore ya riga ya fara tafiya a allon. Ta tsaya tana kallonsa har ya kai ƙarshe.

“Kuɗin gyara kawai za ki ba ni,” in ji shi. “Littafin kyauta na ƙara miki. Mutumin da ya rubuta ma bai damu da mu ba, balle in damu da shi.”

* * *

Washegari da hantsi, lokacin da hasken taga ya fi yi wa idon daɗi, Akawu ta ɗora wa Baba kwamfutar a cinya. Wannan karon da tsohuwar rigar gida yake.

“Sun buɗe?” ya tambaya.

“An samu, Baba.”

Ya juyo da fuskarsa gare ta. Shekara talatin da ɗaya yana bambance kalma da kalma. Bai sake tambaya ba.

“Kai ni babi na tara.”

Ta kai shi. Ta yi ta girmama baƙaƙen har ya ɗaga hannu. Kalma huɗu ke cika layi. Ya sunkuya, hancinsa ya kusa taɓa gilashin, yana bin layin da kai gaba ɗaya, daga hagu zuwa dama, ya dawo. Gwaggo ta bar abin da take yi ta zo ta tsaya a bayan kujerar, ko da yake ba ta jin Turanci.

“Sun cire sakin layi na farko,” ya ce bayan wani lokaci. “Sun kyauta. Dama ya yi tsawo.”

“Tarin fa?” in ji Gwaggo a hankali. “Sun bar yadda yake tari?”

“Sun bari.”

Ya ja shafin sama da yatsa. A can ƙasa akwai wani layi dabam, da ya girma tare da sauran. Ya karanta shi a fili, a hankali, ya yi tuntuɓe a kan wani suna mai baƙaƙe da yawa da bai san yadda ake furta shi ba. Layin ya ce wannan kwafi mallakar mai wannan suna ne, shi kaɗai, kuma ba a yarda a ba wani ba.

“Wane ne wannan, Uwata?”

“Wanda ya saya ne, Baba. A can.”

“Ba mu san shi ba?”

“Ba mu san shi ba.”

Gwaggo ta koma bakin ƙofa ta zauna.

Baba ya juya shafi. Layin yana ƙasan wannan ma, da na bayansa. Akawu ta ce zai iya tsallake shi, ba cikin littafin yake ba. Ya ce shi bai iya tsallake layi ba.

Ta zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa. A allon, ƙaninsa yana kwance a gadon asibitin ma'aikata yana neman iska, kalma huɗu-huɗu. Idon Baba yana zubar da ruwa, yana sharewa da bayan hannu yana ci gaba. Duk ƙarshen shafi sai leɓensa su tsaya, su sake haɗa sunan baƙon nan baƙi bayan baƙi, sannan ya juya.